Burtali a Cikin Ordinater

Yayana ya ƙi fita daga ɗaki, ni kuma na rantse sai ya fita. A kan wannan muka ci damina guda da kakarta, kowa ya kafe, Inna tana tsakiya tana ba da haƙuri.

Hamma muke ce masa, yadda ake kiran babban wa a gidajenmu na Fulani. Makiyayi ne tun bai kai tsawon sandarsa ba, a rugarmu da ke bayan Dumega. Ni kuwa tun ina famfarar haƙora Goggonmu ta ɗauke ni zuwa Dogon Dutsi ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi ta bin karatu har Yamai, inda na koyo aikin ordinater, wato kwamfuta. Da na dawo na kama ɗan shago kusa da tasha, ina buga wa mutane takardu. In na je ruga hutu Hamma ba ya raga mini. Wai a duk Arewa ni kaɗai ce Bafulatanar da ɗan maraƙi ke kora. Ba ƙarya ya yi ba, an taɓa korata har cikin bukka.

Wata ranar kasuwar Kore Mairuwa, a ƙarshen damina, ya kai bijimi ya sayar, ya hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, zai koma gida. Ruwa ya zaizaye hanya, mai moton bai ga ramin ba. Shi ya tashi da ƴan kurje-kurje, Hamma bai tashi ba. Bayan doguwar jinya lokotoro, wato dokta, ya kira ni gefe, da yake ni ce mai jin Faransanci, ya ce ƙashin baya ne, ƙafafun ba za su ƙara ɗaukarsa ba. Ni na juya wa Inna maganar, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ɗaci ba.

Muka kawo shi gidana a Dutsi don kusa da likita, wato asibiti, Inna ta bar ruga ta zo ta tare da mu. Dangi suka sa wani mai walda ya ƙera masa keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ranar da aka shigo da shi tsakar gida, Hamma ya dube shi ta ƙofa, ya juya fuskarsa bango.

Ya ce, "Ku hidda shi."

Aka kai keken zaure, kaji suka samu wurin kwana. Mutanen ruga su zo da ƙwaryar nono, Hamma ya ja bargo ya yi barcin ƙarya. Abokin kiwonsa, wanda ya haɗa shanunmu da nasa yana riƙe mana, ya yi ta sintiri har ya gaji, bai samu ganinsa ba. Abin da Hamma ba ya so shi ne waɗanda suka san shi a tsaye su gan shi a zaune. Lokotoro kuwa ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in bai riƙa tashi yana motsa hannuwa yana shan rana ba, gyambon kwanciya da ciwon ƙirji za su gama da shi kafin lokacinsa. Ina kallon damatsan da ke kayar da bijimi suna zubewa. Inna ta koma bayan madafa tana kuka a ɓoye, tana ce mini hayaƙi ne.

Ni ba ni da haƙuri, duk danginmu sun shaida. Na yi lallashi na kwana biyu, na koma faɗa. Na ce masa ai zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ramin da ya karya shi yana can yana hutawa, mu ne muke shan fushin. Ya ce in na gama in ja masa ƙofa. Wallahi ranar saura kaɗan in jefe shi da ludayi.

A Yamai na koyi wasannin ordinater, irin waɗanda ake ba ka mutum a cikin labari ka zama shi, ka yi tafiyarsa, ka yi faɗansa, ka ƙara ƙarfi a hankali. A ajinmu har ɓangare biyu muke da su, kullum muna musu. Wasu sun fi son wasa mai hanya ɗaya, wanda masu gininsa suka jera maka komai: ka fita wannan ƙofa, ka ci wannan yaƙi, labari ya ɗauke ka zuwa na gaba. Suka ce a nan ne labari yake kama zuciya, don mai labarin ya san inda zai sa ka kuka. Mu kuma muna bayan buɗaɗɗiyar duniya, inda ake ajiye ka a fili a ce ga gabas ga yamma, je ka inda ka ga dama. Ni ce mai babbar murya a ɓangarenmu. Na sha ce musu wasansu jirgin ƙasa ne, kai dai ka zauna a kai ka.

Da faɗa ya ƙi ci, sai na ɗauko ƙaramin ordinater ɗina da manet, abin riƙewar nan mai maɓallai, na ɗora wa Hamma a cinya. Na fara masa da mai hanya ɗaya don ya fi sauƙin koyo. Ya yi kamar ba zai taɓa ba. Na tafi shago, na dawo da azahar na tarar ya kashe dodon farko, fura tana gefe ko buɗe ta bai yi ba. Inna ta tare ni a ƙofa tana raɗa, "Ke, wane irin abu ne kika ba shi? Tun ɗazu shina magana shi kaɗai."

Murnar ba ta daɗe ba. Wata rana ya hango wani tsauni a cikin wasan ya ce zai hau ya duba ƙasa. Ya nufi can, sai wani guntun icce kwance a hanya ya tare shi. Ya danna, ya danna, jarumin yana ta gudu a wuri ɗaya.

Ya ce, "Wanga ƙato da takobi, icce ya gagare shi tsallakewa?"

Na ce, "Ba a gina can ba, Hamma. Hoto ne kawai. Bi ta dama."

Ya bi ta dama. Can gaba kaɗan wasan ya karɓe ragamar, jarumin ya kama tafiya da kansa yana zuba magana, manet ɗin ya daina jin hannu. Hamma ya ajiye shi a hankali a kan tabarma.

Ya ce, "A likita tura ni aka yi, gida juya ni ake yi. Nan ma sai inda aka so a kai ni. Ɗauke abinki."

Maganar ta soke ni, amma can ƙasan zuciyata na ji daɗi, don ya shigo ɓangarenmu ba tare da ya sani ba. Na ce yauwa, jira ka ga na gaske. Na sa masa mai buɗaɗɗiyar duniya. Aka ba shi doki da fili iya ganinsa. Kai, ranar na ga Hammana na da! Ya hau tsauni, ya gangara kogi, ya bi wata barewa har ta ɓace masa, bai kula da aikin da wasan ya ba shi ba ko kaɗan. Na ce shi ke nan, na samo maganinsa.

Sai ya iso wani ƙauye da gonaki suka kewaye, hatsi kore shar har ƙirjin doki. Alamar inda ake son ya je tana can ƙetaren gonakin. Hanyar gari ta bi ta wata gada da ƴan fashi suka tare, kuma ƙarfinsa bai kai nasu ba tukuna. Duk wanda na sani da ya yi wasan nan ratsa gonakin yake yi a guje, ba ya ko waiwaye. Hamma ya ja linzami a bakin gona ya tsaya. Ya bi gefe yana neman hanyar dabbobi, ya ci karo da kogi. Ya koma ɗaya gefen, dutse ya tare shi.

Na ce, "Ratsa mana."

Ya ɗago ya dube ni. "Da doki? Cikin hatsin mutane?"

"Wane mutane? Zane ne, ba mai shi."

Ya nuna allon da haɓarsa. Can tsakiyar gona ga wani ɗan mutum duƙe yana noma. "Wancan hwa, gonar ubanki yake nomewa?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ya tsayar da shi. Da zarar an yi shuka, dabba ba ta da hanya sai burtali, wato ƴar siririyar hanyar nan da ake bari tsakanin gonaki, shingen aguwa a dama, shingen aguwa a hagu. Ta nan makiyayi zai bi da garkensa zuwa kiwo da mashaya, damina duka. Sai an girbe, an ɗaure, an kwashe, sannan hukuma da sarakuna su sa ranar sakin gonaki, a yi shela, dabbobi su bazu ko'ina su ci kara da harawa. Kafin wannan rana, saniyarka ta sa baki a gonar wani abin kunya ne, kuma an sha zubar da jini a kansa. Baffanmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa dukan Hamma ba sai a kan haka.

Hamma ya ce ba komai, zai jira a girbe a saki. Na ɗauka wasa yake yi. Ashe da gaske ne. Kullum ya kunna, ya yi ƴan zagaye-zagayensa, ya dawo bakin gonar ya duba ko hatsin ya nuna. A cikin wasan nan kuwa kaka ba ta zuwa. Ɗan manomin yana nan duƙe a kunya ɗaya har abada. Ga shi kuma Hamma ya ƙi shiga gidajen mutane ya buɗe akwatunansu ya kwashi kaya, wanda da shi kowa ke samun takobin kirki. Wai shi bai zo duniya ya zama ɓarawo a kwance ba. Saboda haka ƴan fashin gada suka yi ta lallasa shi da tsohon takobinsa.

Da farko dariya na yi har da hawaye. Daga baya haushi ya kama ni. Na fizge manet ɗin, na zaburi dokin na ratsa gonar tun daga wannan baki har wancan, na ce, "Ka gani? Wa ya mutu?"

Ya yi mini wani kallo da ban manta ba. Ya ce, "Goggo ta ɓata ki." Sannan ya ƙara, "Wagga duniya taku ba buɗe take ba. Ko'ina gonar wani ce, kuma ba ranar saki."

Ya koma wa bangonsa. Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko muni, don yanzu na ga yana iya farfaɗowa kuma na ga ya sake nutsewa. Ina shago ina buga wa wani takardar neman aiki, maganarsa tana yi mini yawo a kai. Sai na ce a raina, to, tunda masu ginin ba su san damina da kaka ba, ni na sani. Ni zan gina masa.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Abin da na koya a Yamai na ofis ne, ban taɓa gina wasa ba. Na samo wata manhaja ta kyauta, na yi ta kallon darussa da Faransanci a waya, forfe, wato kuɗin intanet, ya ƙare in sake sawa. Da rana tsaka, lokacin da tasha ke yin shiru, nan nake aiki. Wuta ta ɗauke ta tafi da aikin wuni, in zagi iska in sake daga farko. Maƙwabcina mai sayar da wayoyi, ustazu ne mai ɗangalallen wando, ya leƙo ya ce, "Malama, wannan ba lagawu ba ne kuwa, aikin ɓata lokaci?" Na ce masa jinya nake yi. Washegari ma ya aro mini batir.

Wasan da na iya ginawa ɗan ƙarami ne, daga sama ake kallonsa. Ga ɗan mutum da malafa da sanda, ga shanu biye da shi, ga burtali ya miƙe tsakanin koren gonaki daga ruga zuwa tudun kiwo. Na kai wa Hamma na ajiye. Ya saci kallo. Ya sake kallo. Sai na ji wani sauti da na manta da shi, Hamma yana dariya, har yana riƙe ciki.

"Mi ne na wanga? Kwaɗi nike kiwo?"

"Shanu ne."

"Ina ƙahonsu? Ina tozo? Ke, ko a hoto ba ki san saniya ba?"

Na ce in ya iya ya gyara. Ya ce a tada shi. Inna ta zo da gudu muka jingina shi da bango, muka tusa masa matasai. Tun daga ranar muka shiga aiki tare, aikin da rabinsa faɗa ne. Ya sa na yi wa kowace saniya kamarta: ja mai dogon ƙaho da ke jan gaba, fara mai taurin kai, wata gurguwa da kullum take baya. Ya faɗa mini inda rijiyoyi suke da inda tabki ke cika.

Babban faɗanmu a kan shinge ne. Ni na yi abin da na ga ana yi, na sa bangon da ba a gani a gefen burtalin, yadda saniya ko ta so ba ta iya shiga gona. Hamma ya kora garken tun daga ruga har tudu lafiya lau, ya ajiye manet.

Ya ce, "In ba su iya shiga gona, ni mi ne amfanina? Ko jaki ka ba sanda ya kai su."

Na ce in na cire bangon wasan zai rikice, shanu za su watse. Ya ce awo, su watse ɗin, aikinsa ke nan. Na cire ina gunaguni. Sai ga wasan ya tashi da rai. Hanyar dai ɗaya ce, ba ta ƙaru ba, amma yanzu farar nan tana ganin kore sai ta karkata, kana tare ta gurguwar ta tsaya a baya, kana komawa gare ta manomi ya taso da hauya. Ni kaina da na gwada sai da na sha wuya. Na tuna abokan musuna na Yamai, na ji kunyar wasu maganganun da na yaɓa musu. Ban bar ɓangarenmu ba, amma na rage murya.

Ni ma na ci shi wani wurin. Ya ce in cire ɗan layin da ke nuna ƙishirwar garke, wai makiyayi a tafiyar saniya yake gane tana jin ƙishi. Na ce shanuna ba su fi ƙwayar wake ba a allo, wace tafiya zai gani? Ya yi ta musu, ranar da rabin garken ya faɗi a hanyar rijiya ya ce a mayar da layin.

Ya dawo cin abinci. Yana zama wuni guda a jingine. Inna har ta fara yi mini addu'a da ƙarfi don maƙwabta su ji. Amma ni wani tsoro ne ya shige ni. Wata la'asar na dawo na wuce keken a zaure, tayoyinsa sun sace, kashin kaji ya rufe mazauninsa. Na shiga na tarar da Hamma cikin jin daɗi yana kora shanun ƙarya. Sai na ga abin da na yi: na ƙawata masa ɗakin. Da can zaman yana cinsa, yanzu ya samu abin da zai sa ya zauna har mutuwa ta same shi a nan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lokacin an shiga kaka, amalanke na ta shigowa gari da dammunan hatsi. Saura rabin wasan na biyu, wato buɗaɗɗen fili bayan saki, wanda shi Hamma yake ɗoki tun farko. Na mayar da gonakin ruwan ƙasa, na jera dammuna, na tsaya nan. Ya kawo garkensa ƙarshen burtali, sai rubutu ya fito, na karanta masa: ba a saki gonaki ba tukuna.

Ya ce, "To, saki."

Na ce, "Ban san yadda ake yi ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"Ban taɓa gani ba, Hamma. Duk shekara ranar saki ina aji. Ban san ta ina shanu ke fara shiga ba, ban san gudu suke yi ko tafiya ba. Abin da ban gani ba ba ni iya gina shi."

Gaskiya na faɗa, ban taɓa gani ba. Amma shi da ni duk mun san ba ita ke nan ba. Ya ce zai ba ni labari. Na ce ai gini da jin labari ne ya haifi kwaɗi. Na ce, "Kai ni in gani."

Sai ya ɗaga manet ɗin ya maka shi da bango, murfin batir ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar fura. Ya ce ni muguwa ce, na ja shi da igiya kamar ɗan akuya har bakin rami. Ya ce so nake a taru a kansa ana girgiza kai. Na ce so nake ya rayu, in kuma mugunta ce wannan to na karɓa. Na naɗe ordinater ɗina na kai shago na kulle.

Inna ta bi ni har zaure. "Ke ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah. Ɗan abin da ya samu shina jin daɗi shi za ki ƙwace?" Na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, wannan karon ba ni ji." Ban taɓa faɗa mata haka ba. Na fita waje na jingina da katanga, ban san ko daidai na yi ba. In ya koma wa bango wannan karon, ni na tura shi.

Ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa wa Inna. Abincinsa ya ragu. Sau da yawa na kai hannu ga makullin shago da niyyar in ɗauko masa abinsa a huta, sai in tuna tayoyin nan da suka sace, in mayar da hannuna. Haka muka yi ta zama, gida kamar an yi mutuwa.

Wata safiya Inna na dama koko, rediyonta na rataye a ƙofar madafa, sai aka karanta sanarwar ranar sakin gonaki ta yankinmu. Na ci gaba da wanke kwanuka kamar ban ji ba. Can sai muryarsa ta fito daga ɗaki, ba da ni yake ba, wai da Inna yake.

"Inna, ki ce wa waccan a duba iskar tayun abin ga. Kuma a wanke shi, ban hawa kashin kaji."

Na saki kwano a cikin ruwa. Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanen Inna na yafa, na tura keken da kaina har wurin mai faci.

Ana gobe saki muka tafi. Aka ɗaure keken a saman motar kasuwa, aka ɗauki Hamma aka sa a gaba. Ya naɗe rawani ya rufe fuska, idanu kawai a waje. Da muka wuce Kore Mairuwa ya kau da kai daga taga. Daga Dumega amalanken shanu ya ƙarasa da mu ruga. Ya ce a shigar da shi bukka kai tsaye, kuma kada a faɗa wa kowa ya zo. A ruga! Kafin a sauke keken labari ya gama zagawa.

Da sassafe aka mayar da shi kan amalanke zuwa bakin burtali. Yashi ba ya barin keke ya motsa, don haka aka samu wani tsandauri ƙarƙashin gawo aka ajiye shi, maza biyu suka ɗaga Hamma suka zaunar. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka ba. Garke bayan garke sun cika burtalin har inda ido ya ƙare, suna kuka, suna turereniya, sun ji ƙanshin kara. Na fito da wayata don in ɗauki abin da zan gina. Amma idona yana kan Hamma. Ya sunkuyar da kai, ya damƙe hannun keken. Ga wasu dattawa sun taso daga nesa sun nufo mu a hankali, fuskokinsu cike da tausayi. Na ga kafaɗunsa sun ɗaure. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu zai ce a mayar da shi, kuma ba zai ƙara yarda da ni ba.

Kafin su iso aka yi kuwwa daga gaba, aka buɗe. Shanun suka ɓarke. Ashe gudu suke yi, har manyan, wutsiya a sama, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Dattawan suka watse kowa ya bi nasa. Sai ga abokin kiwonsa ya ɓullo a guje, gumi ya jiƙe masa riga. Ya yi turus a gabanmu.

Ya ce, "Kai, ka zo? Madalla! Riƙe nan." Ya cusa masa sandarsa a hannu, ya nuna wani tarin wake a kusurwar gonar da ke bayanmu. "Na wani tsoho ne, ba shi da lahiya, bai samu kwashewa ba. Tsare mini, kada su hwaɗa mishi." Ya juya ya bi wasu da suka yi yamma, bai ko jira amsa ba.

Hamma ya bi sandar da kallo. Wani reshen garken ya karkato ya nufo waken, jar saniya mai dogon ƙaho a gaba. Namu ne. Na ga ya ɗora sandar a cinya, ya kama hannun keken ya murɗa. Keken ya yi ƙara, ya ƙi, ya sake murɗawa da duk ƙarfin da ya rage masa, ya gangara ya gitta tsakaninsu da waken. Ya fizge rawanin daga bakinsa, ya ɗaga sandar, ya daka musu tsawa da Fulatanci, da muryar nan da ake ji daga wannan tudu zuwa wancan.

Jar ta ja birki har ƙasa ta tashi. Ta tsaya, ta miƙo wuya, ta buɗe hanci tana shinshinar iska. Ya sake yi mata magana, wannan karon a hankali. Ta kaɗa kai ta juya, sauran suka bi ta.

Ni ina tsaye riƙe da waya, ban ɗauki komai ba, hawaye sun hana ni ganin allon. Kuka nake yi sosai, baki buɗe, a gaban mutanen ruga duka. Hamma ya waiwayo, jijiyoyin wuyansa a tashe, ya nuna ni da sandar.

"Ke! Kauce daga nan, kin tare musu hanya!"

Na kauce.